Wa Ya Karantar da Shi? Tambayar da Zangon Kumasi Ke Neman Mantawa

A Zangon Kumasi ba a rasa malami. Daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sabon Zango zuwa Alabar da Tafo, da wuya mutum ya wuce layi biyu bai ji muryar yara suna biya allo ba, ko bai tarar da dattijo a zaure da littafi buɗe a gabansa ba. Wannan arziki ne da garuruwa da yawa ba su samu ba. Sai dai rawani ɗaya ne yake kan mutane iri-iri. Akwai wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa durƙushe gaban wani yana karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Akwai wanda ya sayi carbi mai dubu da jallabiya, ya buɗe shafi a TikTok yana cewa a turo masa kuɗi ta MoMo zai ninka su. Akwai kuma na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali: mai ɗan karatu da zaƙin baki, wanda kuɗinka kaɗai ba su ishe shi ba, so yake ya mallake ka, ya zama shi ne uwarka shi ne ubanka, har ka daina jin maganar kowa sai tasa.

Yadda za a bambance waɗannan mutane tsohuwar tambaya ce, kuma mun daɗe muna yi mata gurguwar amsa. Idan aka ambaci sabon malami a majalisa, abin da ake fara tambaya shi ne: ɗan ɗarika ne ko ɗan Sunna? Yana zama wazifa ko yana sukar masu zama? Da zarar amsar ta dace da ra'ayin mai tambaya, bincike ya ƙare. Mayaudari kuwa ya fi kowa sanin haka. Ya san hular da zai sa, ya san shehin da zai rataya hotonsa a bango, ya san wanda zai zaga a wa'azinsa na farko don a ce namu ne.

Tun kafin a kafa Zango, Kumasi gari ne da ake cinikin asiri. Turawan Ingila biyu da suka zo fadar Asantehene Osei Bonsu, wato Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, duk sun ba da labarin Musulmin da suka tarar a garin, fatake da malamai daga arewa, suna rubuta wa sarki da jarumansa layu ana biyansu da tsada. Babbar rigar yaƙin sarakunan Asante da aka lulluɓe da layu tana nan har yau, ana fito da ita a manyan al'amuran sarauta. Ke nan shekaru 200 da suka wuce, Batone, wato mutumin Asante, ya san malam a matsayin mai maganin bindiga da maƙiyi tun kafin ya san shi a matsayin mai koyar da alwala. Inda masu saye suka yi yawa haka, ba a rasa mai sayar da jabu.

Zangon da muka sani ya cika ne bayan basasar Salaga ta 1892 ta watsa fataken goro, Turawa kuma suka ci Kumasi a 1896, suka ƙara danne ta bayan yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Hausawa da Mosawa da Wangarawa da Yarbawa da Dagombawa da Zabarmawa suka taru a wuri ɗaya. Abin da ya riƙe wannan taro shi ne tsarin maigida. Baƙo ba ya sauka a sarari, sai a hannun wani, kuma wanda ya sauke shi ne zai amsa tambaya idan ya yi ɓarna. Malami ma haka. Idan ya zo, za a ji daga wane gari yake, gaban wa ya zauna, waɗanne littattafai ya sauke. Karatu a zaure ake yi, ƙofa a buɗe, kuma cikin masu sauraro akwai dattijon da ya karanta littafin nan tun malamin bai yi wayo ba. In ya karya i'irabi ko ya murɗe fassara, a nan take za a gyara masa. Babu hukumar da ta shimfiɗa wannan tsari, amma ya yi aikin da takardar shaida ba ta iya yi.

A cikin wannan yanayi ne Alhaji Umaru na Karaki ya rayu. An haife shi a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934, kuma malaman Zangon Gana da dama salsalar karatunsu tana tuƙewa gare shi. Wajen 1904 zuwa 1905 wani mai suna Musa ya ɓullo a arewacin ƙasar nan yana wa'azin kusantowar Mahadi, jama'a suna tururuwa gare shi. Lokacin kuwa zukata a karye suke, Turawa sun gama cin ƙasashen Musulmi, Sakkwato ta faɗi a 1903, kowa yana jiran mai ceto. Alhaji Umaru da kansa ya rubuta waƙoƙi masu ɗaci kan zuwan Nasara, saboda haka ba za a ce bai ji zafin zamanin ba. Duk da haka bai bari zafin ya rufe masa ido ba. Ya ɗauki alƙalami ya yi ƙasida da Larabci yana bayyana Musa a matsayin mayaudari. Abin da nake so a lura da shi a nan shi ne, malami mafi girma a yankin bai ce ba ruwansa ba, bai kuma tsaya yin raɗa a cikin ɗaki ba. Ya rubuta, aka kwafa, aka karanta a zangon garuruwa.

Gadon da ya tarar ke nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da mutane suka fara raɗe-raɗin cewa shi ne Mahadi, ya fito fili ya ce ba shi ba ne, ya kuma yi rubutu yana gargaɗin 'yan'uwa game da masu da'awar Mahadiyya. Mutumin da dubbai ke shirye su mutu a bayansa ya ƙi karɓar matsayin da aka miƙa masa kyauta. Duk wanda zai auna wani shehi a yau, ya fara ajiye wannan a zuciyarsa.

Ma'aunin ya fara karkacewa ne a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya ziyarci Kumasi a 1952, kuma Faila, wato tafarkinsa a cikin Tijjaniyya, ta samu karɓuwa mai yawa, manyan malamai irin su Alhaji Baba Makaranta mai makarantar Wataniyya suna cikinta. Faila ta buɗe wa talaka ƙofar tarbiyya, abin da a da sai ƙalilan ke kaiwa gare shi. Dako da tela da mai sayar da koko suka ji cewa su ma suna iya neman sanin Allah. Alheri ne babba, amma ƙofar da aka buɗe wa kowa takan shigo da wanda bai cancanta ba. An samu masu kiran kansu muƙaddamai da ba su gama Ahalari ba, suna sa matasa halwa, suna fito da su suna maganganun da su kansu ba su fahimta ba. Manyan Tijjanawa sun sha yin kashedi a kan haka, kuma a Najeriya shehunan ɗarikar sun fito sun barranta daga waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa, masu cewa wanda ya kai wani matsayi salla da azumi sun faɗi a kansa. Daga ɗaya gefen kuma Afa Ajura ya tashi a Tamale yana sukar ɗarika baki ɗaya, sannan daga shekarun 1970 ɗaliban da suka dawo daga Madina suka ƙarfafa wannan kira a Kumasi da Akra, har aka haɗu a inuwar Ahlus Sunna Wal Jama'a a 1997. Aka raba masallatai, aka raba aure, a shekarun 1990 har jini ya zuba a wasu garuruwa.

Ba ni da niyyar raba wannan gardama a nan, malamai sun fi ni sanin hujjojinta. Ɓarnar da ta bari ita ce damuwata. Tun da aka ja daga, kowane ɓangare ya koyi rufa wa nasa asiri. Idan aka kama wani muƙaddami yana lalata da matan da ke zuwa neman addu'a, sai a ce a yi shiru kada munkirai su samu abin faɗa. Idan aka kama wani ustazu ya cinye kuɗin marayu da aka turo daga ƙasashen Larabawa, ko mai ruƙiyya ya lakaɗa wa marar lafiya duka da sunan fitar da aljani, sai a ce a yi shiru kada 'yan bidi'a su yi dariya. Dattijon nan na zaure mai gyara karatu ya rasa kujerarsa, domin gyara daga waje sunansa ƙiyayya, gyara daga ciki kuma sunansa cin amana. A irin wannan shirun ne ƙungiyar asiri take yin saiwa.

Wanda yake ganin abin ba zai kai ko'ina ba, ya tuna Kano. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ba a dare ɗaya ya zama abin da ya zama ba. An kore shi daga Kano a 1962, ya dawo, ya kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki, yana tara gardawa da samarin ƙauye da suka shigo birni ba su da kowa. Ya ba su abinci da wurin kwana, ya kuma ba su abokan gaba: duk mai ɗaura agogo, mai hawa keke, mai sauraron rediyo, tsinanne ne. Ya raba su da sauran Musulmi, ya raba su da littattafan da za su iya ƙaryata shi da su, har unguwar ta zama wurin da ɗan sanda ba ya shiga. Da abin ya fashe a Disambar 1980, hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Shi ma ya mutu, amma almajiransa sun sake tayar da wutar a Bulunkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gwambe a 1985. Wannan cuta kuma ba ta san addini ba. A Jonestown ta ƙasar Guyana mutum fiye da 900 suka hallaka a 1978 bisa umarnin Jim Jones. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawa fiye da 400 na mabiyan Paul Mackenzie, wanda ya ce su bar ci da sha don su sadu da Yesu. Aƙidun sun sha bamban, hanyar kuwa ɗaya ce: a keɓe mutum, a toshe masa kunne, a nuna masa cewa duk duniya ɓatacciya ce sai wannan ɗaki.

To, da me za a auna? Falken goro ba ya sayen huhu don kyan ganyen da aka rufe shi da shi, sai ya zura hannu ya tono na ƙasa. Tambayar farko ita ce ta kakanninmu: wa ya karantar da shi? Ba sunan wani shehi da ya rasu a wata ƙasa mai nisa ake nema ba, ana neman mutanen da suka gan shi yana ɗalibi, abokan karatunsa, garin da ya zauna. Malamin kirki yana jin daɗin wannan tambaya, zai ma ja ka da hira kan malamansa har ka gaji. Wanda ya ce iliminsa a mafarki aka ba shi, ko aljanu suka koya masa, ko an buɗe masa ne kawai, ya riga ya gaya maka cewa babu wanda za ka je wurinsa ka tabbatar.

Amma salsala kaɗai ba ta isa ba, domin an ga masu ijaza ta gaske da suka lalace daga baya. Tambayar da ta fi nauyi a wurina ita ce: a yau, wa zai iya ce masa ya yi kuskure ya saurara? Yana da babba a sama da shi? Yana zama da tsaransa malamai, ko kullum shi kaɗai ne a kan kujera kowa yana ƙasa? An taɓa jin ya ce “ban sani ba, sai na duba”? Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a nan, ya shahara da yawan faɗin bai sani ba. Ladabin almajiri ga shehinsa abu ne sananne a tasawwufi, amma malaman tasawwufin da kansu sun gindaya sharaɗi: shehin ya zama mai tsayuwa kan shari'a a zahirinsa. Magabatansu sun yi gargaɗin cewa ko an ga mutum yana abin mamaki, kada a ruɗu sai an duba yadda yake da umarni da hani. Saboda haka idan aka ce maka “kada ka yi inkari, ba ka kai ba” a kan abin da ɗan makarantar allo ya san haramun ne, ba kai ne ba ka kai ba.

Sai maganar kuɗi, wadda take da santsi. Malami mutum ne, yana da iyali, kuma al'adar sadaka da kafin alƙalami ta daɗe. Ba laifi ba ne almajiri ya kai wa malaminsa buhun shinkafa. Abin dubawa shi ne inda dukiyar take tafiya da yadda ake karɓarta. Akwai gidajen malamai a Zango da tukunya ba ta sauka, abin da ya shigo da safe ya ƙare a cikin baƙi da marayu kafin dare. Akwai kuma inda ake yanka wa mutum farashi, in buƙata ba ta biya ba a ce akwai sauran aiki, a kawo baƙin rago, a kawo turaren da ba a samunsa sai a hannun yaron malam, a haka har jarin mace ya ƙare. Duk aikin da aka ce kada ka gaya wa mijinki, kada ka gaya wa mahaifinka, in ka faɗa zai karye, to wannan sharaɗin an sa shi ne don kare mai aikin. Haka nan duk maganin da ba ya yiwuwa sai an kulle ƙofa da matar wani, ko sai an yi mata wanka da hannu, ba ya buƙatar dogon nazari.

Alamar da ba ta ƙarya kuwa ita ce yadda ake yi da wanda ya tafi. A makarantar zaure ta gaskiya, ɗalibi yakan sauke littafi malam ya ce masa je ka wurin wane, ya fi ni sanin nahawu. A ƙungiyar asiri babu fita. Wanda ya daina zuwa za a ce ya yi ridda, ko zai haukace, ko ba zai gama da duniya lafiya ba, a hana tsofaffin abokansa gaishe shi. Uwa takan riga kowa ganin farkon abin: yaro ya daina cin abincin gida, ya daina bin mahaifinsa salla, kowace magana sai “Shehu ya ce” ko “Ustaz ya ce”, ’yan’uwansa duk sun zama jahilai ko mushirikai a idonsa. Yaro yana iya canja fahimta ya kuma zama ɗa nagari, wannan ba sabon abu ba ne a Zango. Wanda karatunsa ya sa ya daina durƙusa wa mahaifiyarsa, a binciki mai karantar da shi.

Waya da talabijin sun rushe sauran katangar da ta rage. Malamin yanzu ba ya buƙatar maigida ya sauke shi, yana shiga ɗakin yaro da tsakar dare babu wanda ya gani. Shekara da shekaru tashoshin talabijin a Gana suna nuna masu rawani da bokaye suna zazzage takardun kuɗi daga akwati suna kiran lambar waya. A Afrilun 2021 wasu samari biyu a Kasoa suka kashe wani ƙaramin yaro don yin tsafin kuɗi, ƙasa ta girgiza, kuma a cikin watan hukumar kula da sadarwa ta ƙasa ta rufe tashoshin talabijin 49 da ke aiki ba da lasisi ba. An kama Nana Agradaa mai shirin ninka kuɗi na “sika gari” a lokacin, ta dawo ta buɗe coci, a Yulin 2025 kuma wata kotu a Akra ta same ta da laifin damfara. Da yawa daga masu sa rawani a irin waɗannan shirye-shirye ko Fatiha ba za su iya kawowa daidai ba, amma sunan malam suke ɓatawa, kuma ɗan Zango ne yake kwasar kunyar a makaranta da wurin aiki.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai son a ninka masa sidi 500 su zama 5,000 ba tare da gumi ba, da ƙafarsa ya kai kansa. Amma ba na son a tsaya a nan, domin yawancin masu faɗawa hannun waɗannan mutane ba kwaɗayi ya kai su ba. Matar da ta shekara goma ba haihuwa kishiya tana yi mata gori, saurayin da ya gama sakandare yana zaune a bakin titi yana lissafin hanyar Libiya, iyalin da ɗansu ya samu taɓin hankali ba su da kuɗin asibiti, baƙuwar yarinya daga arewa da ke dakon kaya a kasuwar Kejetia ba ta san kowa ba: waɗannan ne abincin mayaudari. Yana ba su abin da muka hana su, wato kunnen da zai saurara. Masu taɓin hankali sun fi kowa shan wuya. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2012 kan yadda ake ɗaure su da sarƙa a sansanonin addu'a a Gana, a 2019 kuma 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna da iyaye ke kai 'ya'yansu da hannunsu don a gyara musu tarbiyya.

Wasu suna cewa gwamnati ta yi wa malamai da fastoci rajista. An taɓa gwadawa. A 1989 gwamnatin Rawlings ta kafa dokar da ta tilasta wa ƙungiyoyin addini yin rajista, ta kuma dakatar da Shaidun Jehobah da ɗarikar Mormon. Manyan coci-coci suka ƙi bin dokar, aka janye dakatarwar daga baya, tsarin mulkin 1992 kuma ya tabbatar da 'yancin addini. Ni ma ba na son ranar da jami'in gwamnati zai zauna ya yanke wane ne malamin gaskiya, domin marasa rinjaye irinmu ne za su fara ɗanɗana kuɗarta. Damfara da fyaɗe da duka da tsare mutum laifuffuka ne da dokar ƙasa ta riga ta sani, ko mai yin su yana da rawani ko ba shi da shi. Matsalarmu ita ce ba ma kai ƙara. Mukan ce a sasanta a gida, a rufa asiri, malami ne. Sai a mayar wa mai kuɗi rabin kuɗinsa, a ba iyayen yarinya haƙuri, mutumin ya kwashe kayansa daga Aboabo ya koma Moshie Zango ko Techiman ya sake shimfiɗa buzu.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne abin da Alhaji Umaru ya yi, kuma a yau nauyin yana kan 'yan gida ɗaya. Idan ɗan Sunna ya soki muƙaddamin bogi, muridansa za su ƙara manne masa. Idan halifan Tijjaniyya ne ya tashi a taron Mauludi ya ce wane ba shi da izininmu, abin da yake yi ba ɗarika ba ce, maganar za ta shiga. Haka idan limamin Ahlus Sunna ya hau mumbari ranar Juma'a ya ce mai ruƙiyyar nan da ke dukan mata ba namu ba ne, kuma mun miƙa shi ga hukuma. Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, Babban Limamin Ƙasa tun 1993, ya nuna cewa ana iya zama da kowane ɓangare ba tare da an bar nasa ba, kuma majalisun limamai da na sarakunan Zango suna nan a Kumasi. Ba sabuwar ƙungiya ake buƙata ba. Ana buƙatar wurin da mace za ta kai kukan wani malami a saurare ta ba a ce ta taɓa waliyyi ba, da kuma iyayen da in ɗansu ya faɗa irin wannan hannu ba za su yi masa baki su kore shi ba, domin shugaban ƙungiyar ya riga ya gaya masa cewa gidansu za su ƙi shi, kuma korar ita ce za ta gaskata maganarsa.